Kakar wasan da aka goge daga kundin tarihi a Amurka

A ranar 4 ga watan Janairun 2005, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato USC, ta lallasa takwararta ta Jami'ar Oklahoma da maki 55 da 19 a jihar Florida, inda ta kammala kakar 2004 da nasara a dukkan wasanninta 13.

Sai dai duk wanda ya duba kundin masu shirya gasar a yau, zai tarar babu sunan kowa a gurbin zakaran wannan shekara.

Wasan dai, wanda ke kama da zari-ruga, babbar harka ce a jami'o'in Amurka. Wasu filayen na ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu 100, gidajen talabijin na biyan maƙudan kuɗi, masu horarwa kuma na karɓar albashin miliyoyin daloli.

Amma a wancan lokaci, dokar hukumar kula da wasannin jami'o'i, NCAA, ta taƙaita abin da ɗaliban da ke buga wasan za su samu ga tallafin karatu da masauki da abinci.

Hukunci

Wannan doka ce ta rutsa da Reggie Bush, tauraron ƙungiyar, wanda a 2005 ya lashe kyautar Heisman da ake bai wa ɗan wasan da ya fi fice a jami'o'i.

A watan Yunin 2010, bayan binciken shekaru huɗu, hukumar ta ce Bush da iyalinsa sun karɓi kuɗi da gidan zama kyauta daga wasu da ke fatan zama dillalansa idan ya shiga gasar ƙwararru.

An soke nasarori 14 na USC, an hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekaru biyu, aka kuma rage mata guraben tallafin karatu 30. Bush ya mayar da kyautarsa a watan Satumban 2010, sannan aka ƙwace kambin a 2011.

Abin lura shi ne waɗanda hukuncin ya fi shafa. Mai horarwa Pete Carroll ya riga ya koma ƙungiyar ƙwararru ta Seattle, Bush kuma ya bar jami'ar tun 2006. Matasan da suka zo daga baya ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Ita ma Jami'ar Auburn, wadda ba a doke ta ba a 2004, ba a miƙa mata kambin ba.

Sauyi

A watan Yunin 2021, dukkan alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara suka yanke hukuncin cewa wasu ƙa'idojin NCAA sun saɓa wa dokar hana babakere a kasuwanci. Ba a jima ba aka ba ɗalibai damar samun kuɗi ta hanyar talla da sunayensu.

A watan Afrilun 2024 aka mayar wa Bush kyautarsa. A 2025 kuma wata kotun tarayya ta amince da yarjejeniyar da ta bai wa kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekara.

Masu kare hukuncin 2010 na cewa doka doka ce, kuma sauran ƙungiyoyin sun yi wasa ne a ƙarƙashinta. Ita ma NCAA ta bayyana a 2021 cewa ba za ta sake duba tsofaffin hukunce-hukunce ba.

Masu suka kuwa na ganin dokar ce ke da aibi tun asali, domin kowa na cin gajiyar gumin ɗalibi sai shi kaɗai, kuma da dama daga cikin 'yan wasan baƙar fata ne da suka fito daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Tambayar da kakar 2004 ta bari ke nan: idan an yarda dokar ta cancanci sauyi, shin waɗanda ta riga ta hukunta fa?