A Venis, waya na ƙirga mintuna, kai kuma gadoji ya kamata ka ƙirga

Mun saba da tsari guda: jirgi ya sauka, ka kunna data, ka buɗe Uber ko Bolt, ka rubuta sunan otal, mota ta ajiye ka a bakin ƙofa. Wannan dabara tana ci a Abuja, tana ci a Dubai. A birnin Venis na ƙasar Italiya ba ta ci, kuma a ganina duk wanda ya bari sai ya sauka a filin jirgi sannan ya tambayi wayarsa hanya, ya riga ya makara.

Tsohon garin Venis yana zaune ne a kan ƙananan tsibirai fiye da 100 a cikin wani tafki na ruwan gishiri, gadoji sama da 400 ne ke haɗa su. Babu mota a ciki, babu babur, ko keke ma an hana hawa. Filin jirgin Marco Polo kuwa yana can kan tudu, a wani wuri da ake kira Tessera. Motar da ta ɗauko ka daga can za ta bi wata doguwar gada mai kusan kilomita 4, Ponte della Libertà, ta sauke ka a dandalin Piazzale Roma. Nan kwalta ta ƙare. Abin da ya rage sai ƙafa ko jirgin ruwa.

Hanyoyin shiga garin ba su da yawa. Akwai bas ɗin ATVO da ke kai mutum Piazzale Roma cikin minti 20 ko makamancin haka, akwai kuma bas mai lamba 5 na kamfanin ACTV da ke tsaye-tsaye a hanya. Daga dandalin sai ka hau vaporetto, wato bas ɗin ruwa, wanda tikitinsa guda ya haura Yuro 9 kuma yana aiki na minti 75. Akwai jiragen Alilaguna da ke tashi daga tashar ruwa ta filin jirgin kai tsaye zuwa cikin gari, sai dai zuwa San Marco kan ci awa ɗaya ko fiye. Sannan akwai tasin ruwa, mai sauri da daɗi, wanda kuɗinsa ya wuce Yuro 100. Google Maps ya san yawancin waɗannan, zai jero maka su, ya ɗora wanda ya fi sauri a sama.

Matsalar tana cikin wannan jerin. Manhajar tana auna lokaci, ba ta san kana jan akwati mai kilo 23 ba. Kusan duk gadojin Venis masu matakala ne, domin an ɗaga tsakiyarsu don kwale-kwale ya wuce ta ƙasa. Idan taswira ta ce "tafiyar minti 12 a ƙafa", tana iya nufin gada biyar ko shida, kowacce sai ka ɗaga akwatin ka hau, ka ɗaga ka sauka, ga mutane suna turereniya a bayanka. Tayoyin akwatin da ka saya da tsada ba su da amfani a kan matakala. Hanyar da ta fi tsawo da minti 25 amma ta sauke ka a tashar da babu gada tsakaninta da otal ɗinka ta fi maka, ko da wayar ta jefa ta can ƙasan jeri. Wanda ya iso daga Kano ko Abuja bayan ya yi sa'o'i yana jiran canjin jirgi a Istanbul ko Doha ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Sai maganar adireshi, wadda ta fi rikita baƙo. An raba garin unguwa shida: San Marco, Castello, Cannaregio, Dorsoduro, San Polo da Santa Croce. Lambar gida ba ta bin titi, unguwa take bi. Adireshi shi ne sunan unguwa da lamba kawai, kuma a Castello lambobin sun haura 6,000. Suna bin lungu su zagaya su dawo, ta yadda gida biyu da ke kallon juna kan iya samun tazarar ɗaruruwa a lambobinsu. Sunayen lungunan ma maimaita kansu suke yi: Calle del Forno, wato lungun gidan burodi, akwai shi a wurare da dama. Ka rubuta sunan lungu kaɗai a manhaja, tana iya kai ka wata unguwa daban da cikakken ƙwarin gwiwa.

Shi kansa shuɗin ɗigon da muka amince da shi yana ruɗewa a can. Wayarka na gane inda kake ne ta hanyar saƙon taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 20,000 a sama, kuma tana buƙatar ta hango sararin sama sosai. Lungunan Venis matsattsu ne, gine-gine dogaye ta kowane gefe. Akwai lungu ɗaya, Calle Varisco, da faɗinsa bai kai santimita 60 ba. Saƙon sai ya bugi bango ya dawo kafin ya iske wayar, sai lissafin ya goce. A kan titin Zoo Road kuskuren mita 20 ba komai ba ne. A Venis mita 20 na nufin wayar ta ɗauka kana wancan gefen ruwa, ta fara ba ka umarnin da babu yadda za ka bi. Babban mashigin da ya raba garin biyu, Canal Grande, gada huɗu kacal gare shi, don haka kuskuren gefe yana iya cin rabin awa.

Na san abin da wasu za su ce: ai sai in sauke taswirar a waya tun daga gida. Ka sauke, yana da kyau. Amma ka sani idan babu intanet, Google Maps hanyar mota kawai yake iya tsara maka, ba ya ba da ta ƙafa ko ta bas. A garin da babu mota, abin dariya ne. Manhajoji irin su Organic Maps suna tsara hanyar ƙafa ba tare da data ba, shi ya sa nake ganin ya dace a ajiye ɗaya a matsayin madadi. Wasu kuma za su ce yanzu akwai eSIM, data ba matsala ba ce. Gaskiya ne, in wayarka na ɗaukar eSIM ka saya ka saka tun kana kan Wi-Fi na gida, ya fi yawo da layin Najeriya sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Sai dai data tana magance rashin sabis ne kawai, ba ta rage maka gada ko ɗaya.

Inda wayar ta fi amfani shi ne kwana biyu ko uku kafin tafiya, kana zaune a ɗaki. Tura wa otal saƙo ta imel ko WhatsApp da tambaya uku: wace tashar ruwa ce ta fi kusa da ku, wane layi ke tsayawa a nan, kuma gada nawa ce tsakanin tashar da ƙofarku? Matambayi ba ya ɓata, kuma masu otal a Venis kullum wannan tambayar suke amsawa. Da yawa suna da bayanin a rubuce, wasu har da hotuna. Ka ɗauki hoton allon amsar, da na tikitinka, da na taswirar daga tasha zuwa ƙofa. Idan jirginka na dare ne, duba lokacin jirgin Alilaguna na ƙarshe, domin ba ya kwana yana aiki, kuma mai tasin ruwa ya san ba ka da zaɓi a wannan lokacin.

Tun wajen kama ɗaki ma ake fara kuskure. A Booking.com da makamantansa za ka ga otal mai araha an rubuta Venis a adireshinsa, alhali a Mestre yake, wato ɓangaren birnin da ke kan tudu. Ba yaudara ba ce, a hukumance gari ɗaya ne. Hasali ma ga mai kaya da yawa da ƙaramin aljihu, ni Mestre zan ba shi shawara: bas daga filin jirgi ya kai shi, babu gada, washegari ya hau jirgin ƙasa na minti 10 zuwa tashar Santa Lucia da 'yar jakarsa. Abin gudu shi ne ka kama ɗaki a Mestre kana zaton a bakin ruwa yake, ka hau Alilaguna ka wuce shi. Haka kuma ka duba sunan filin jirgin a tikitinka, domin wasu jiragen masu araha a Treviso suke sauka, wani gari daban mai nisa.

Idan ka shiga garin, ka riƙa ɗaga kai daga allo. A kusurwoyin gine-gine akwai alluna masu ruwan ɗorawa da kibiya: Per Rialto, Per San Marco, Ferrovia, Piazzale Roma. Ba sa buƙatar caji, kuma bango ba ya ruɗa su. A manyan tashoshin vaporetto akwai matsayai da dama masu haruffa A, B, C, layi ɗaya kuma yana zuwa ɓangare biyu, don haka karanta allon kafin ka shiga, kuma ka taɓa tikitinka a jikin na'ura tukuna, in ba haka ba tara ce.

Tun 2024 hukumar birnin na karɓar kuɗin shiga daga masu ziyarar yini ɗaya a wasu ranakun cunkoso. Mai kwana a otal ba ya biya, amma ka tambayi otal ɗin yadda za ka samu lambar QR da ke nuna an yafe maka, ka ajiye hotonta tare da sauran. Duk waɗannan hotuna a waya suke, wayar kuma GPS na shanye mata batir, saboda haka fawa bank ya kasance a jakar hannu, ba a akwatin da za a sa a ƙasan jirgi ba. Cajar Najeriya mai ƙafa uku masu faɗi ba ta shiga soket ɗin Italiya, sai da adafta. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu sun huta da wannan.