Lambar Sirri Ba Kayan Aro Ba Ce

A unguwar Asata ta birnin Enugu, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, amana ita ce jarin farko. Haka kuma abin yake a Anacha da Fatakwal, inda baƙo kan sauka wurin maigidansa ya danƙa masa dukiya ba takarda ba shaida. To, amma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ciniki mai yawa ya koma ta waya da katin banki, wannan hali na kirki ya buɗe wata ƙofar asara. Attajiri yakan miƙa wa yaronsa kati, ya ɗaga murya ya faɗa masa lambar sirri a bakin rumfa, kowa yana ji.

Masana ilmin ɓoye saƙo sun daɗe da gano inda gizo ke saƙar. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson na Amurka suka bincika kalmomin sirri 3,289 da mutane ke shiga kwamfuta da su, suka tarar kashi 86 cikin ɗari masu sauƙin cankowa ne, watau gajeru, ko sunaye, ko kalmomin ƙamus. Dabarar tsaron da suka bayyana kuwa har yau ana bin ta. Kwamfuta ba ta ajiye kalmar yadda take, sai ta niƙa ta da lissafi, kamar geron da ya zama gari, ba shi komawa ƙwaya. In mai ita ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta, a gwada garin da wanda ke ajiye.

Ashe masana sun gyara nasu ɓangaren, saura na mai kati. Lamba mai alƙaluma huɗu tana da fuska 10,000, ga shi na'ura takan hana kati aiki in an yi kuskure sau uku. Amma wanda ya zaɓi 1234, ko shekarar haihuwarsa da ke rubuce a katin shaida cikin aljihu ɗaya da katin banki, ya rage wa ɓarawo aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake, ya nemi lamba, maƙaryaci ne, domin banki ba ya tambayarta. Mai aiken yaro kuwa ya tura kuɗin cikin asusun yaron. Ta haka dukiya ta tsira, yaron ma ya tsira daga zargi ranar da kuɗi suka ɓata.