Daga Wace Shekara Aka Fara Ƙirga Hayaƙin?

Akwai wani zane da ba a rasa shi a tarukan sauyin yanayi: layi biyu, ɗaya na hawa, ɗaya na gangara. Mai hawan arzikin Birtaniya ne, mai gangarar kuma hayaƙin da take fitarwa. Daga 1990 zuwa yau tattalin arzikinta ya bunƙasa, hayaƙin ya ragu da kusan rabi. Sai a juyo kanmu a ce: kun gani, ana yin arziki babu hayaƙi, ku bar gas ɗinku a ƙarƙashin ƙasa.

Alƙaluman ba ƙarya ba ne. Inda aka fara ƙirgar ne ban yarda da shi ba. Sana'ata rubuta manhaja, kuma duk wanda ya taɓa zana bayanai a kwamfuta ya san cewa mai zaɓen shekarar farko ya gama yanke hukunci tun kafin a ja layi. To mu ja shi baya. A 1882 aka kunna tashar lantarki mai cin kwal a Landan. Ta ƙarshe a ƙasar, Ratcliffe, sai ranar 30 ga Satumba 2024 aka kashe ta. Shekara 142 ke nan, ban da ƙarnin da kwal ya yi kafin nan yana juya injinan masaƙun Mancesta. Da wannan hayaƙin aka shimfiɗa layin dogo, aka gina asibitoci da jami'o'in da yau ake zama a cikinsu ana rubuto mana nasiha.

Kuma yaya layin ya gangaro? Babban dalili a shekarun 1990 shi ne sun sauya kwal da gas ɗin da suka haƙo a tekunsu na arewa. Gas ɗin dai da ake hana mu. Injinan iska daga baya suka zo. Wani kason kuma ƙaura ya yi: Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2001, masana'antu suka kwarara can, cikin 'yan shekaru ta wuce Amurka a yawan hayaƙi. Wayar da ke hannun mutumin Landan tasa ce, amma hayaƙin ƙera ta a littafin Sin aka rubuta shi. Ko an haɗa da wannan, na Birtaniya ya ragu, na yarda, sai dai bai kai yadda zanen ke nunawa ba.

Iskar kabon kuwa ba ta watsewa kamar hayaƙin murhu. Taruwa take yi a sama, ta shafe ɗaruruwan shekaru. Cikin abin da aka tara, Amurka ita kaɗai na da fiye da kashi 20 cikin ɗari, Afirka gaba ɗayanta kusan 3. Ba'amurke ɗaya na fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai kai tan ɗaya ba. Kada wani ya tafa mana a kan wannan. Masaƙun Kakuri da suka mutu da masana'antun Sharaɗa da aka garƙame ba sa fitar da hayaƙi ko kaɗan, haka ma gidan da bai taɓa ganin wutar lantarki ba. Talauci ne, ba tsafta ba.

A taron Gilasgo na 2021 ƙasashe da dama, ciki har da Jamus, sun yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan mai da gas na ƙetare. Da Rasha ta faɗa wa Yukren a 2022, kafin shekarar ta ƙare Jamus ta buɗe tashar sauke gas daga jiragen ruwa a gaɓarta. Ashe dokar tana da ƙofar baya, idan sanyi ya taɓa mai ita.

Shugabanninmu ma kada su laɓe a bayan wannan magana. Gas ɗin da suke kukan an hana su kuɗinsa, ana ƙona shi a banza dare da rana a yankin Neja Delta. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano da aka ƙaddamar a 2020, an yi ta ɗage ranar kammala shi. Mai shagon da ya ɗora farantin sola a rufinsa bayan cire tallafin mai a 2023 bai karanta wata yarjejeniya ba. Kuɗin fetur ɗin janareto ya lissafa.