A Tambayi Yaro Kafin A Yanke Hukunci A Kansa



A zangon da ya wuce wata ƙawata ta daina zuwa makaranta. Iyayenta ne suka rabu, sai manya suka zauna a zaure suka ce a kai ta riƙo wajen gwaggonta. An tambayi kawu, an tambayi kaka, ita kaɗai ba a tambaya ba. Ranar da za ta tafi ta ce mini: "Ni ba tafiyar ce ta dame ni ba, karatuna ne." Da an ji ta bakinta, da wataƙila an nema mata makaranta a can. Yanzu talla take yi.

Na san za a ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne, kuma ban ce yaro ne zai yanke hukunci ba. Amma ai mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo.

Wannan ba baƙon abu ba ne. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ba wani yaro zaɓi tsakanin mahaifinsa da mahaifiyarsa, yaron ya kama hannun mahaifiyarsa. Haka kuma sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ce a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi. Nijeriya ta amince da ita a 1991, jiharmu Kano ma ta samu dokar kare yara a 2023.

Don haka ina roƙon masu unguwanni, 'yan Hisba da jami'an jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Ajingi abu uku idan sun zo sulhu. A keɓe yaro a tambaye shi a hankali, domin a gaban iyaye kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. A faɗa masa abin da aka yanke da dalilinsa. Sannan a koma a duba shi bayan wata guda.

Malamanmu, idan benci ya yi kwana uku babu mai shi, don Allah a bincika. Mu kuma ɗalibai, mu sanar da malamin ajinmu da wuri. Ni na yi shiru a lokacin, har yau abin yana damuna.

Daga wata ɗaliba, aji biyu, ƙaramar sakandare.