Kare na susa: hatsi ne da laifi?

Mun san wasu za su yi dariya. Za su ce: mutane na lissafin tiyar hatsi, ku kuna zancen abincin kare? Gaskiya ne. Amma ku tambayi makiyayin da ke kwana a daji da garkensa. Ku tambayi maharbi, ko mai gadin gida a Yamai. Za su gaya muku kare ma'aikaci ne. In ya kwanta ciwo, ɓarawo da dila sun samu hanya.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wani irin abinci da ake sayarwa cikin buhu. Busasshen abinci ne, ƙwaya-ƙwaya, kamar kashin awaki. A ƙasashen Turai da Amurka ake yin sa, kuma yakan iso manyan kantunan birni. A jikin wasu buhunan ana rubuta "sans céréales" da Faransanci, wato babu hatsi a ciki: ba alkama, ba masara, ba shinkafa. Masu talla suna cewa in karenka yana susa, ko yana zawo, ko gashinsa yana zuba, to hatsi ne bai karɓe shi ba. Suna cewa kare jikan kyarkeci ne, nama kaɗai ya dace da shi.

Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Muna ganin an bar jaki ana dukan taiki.

Kare ya daɗe da rabuwa da kyarkeci. Shekaru dubbai ke nan yana bin mutum, yana cin ragowar tukunyarsa. A shekarar 2013 masu bincike a ƙasar Suwidin sun gwada halittar kare da ta kyarkeci. Sun gano cewa cikin kare ya fi na kyarkeci iya narkar da abinci mai gari nesa ba kusa ba. Mu ma shaida ne. Karen Azawak, dogon nan siriri mai gudu kamar iska, da hatsi da nono makiyaya suke rainonsa tun kaka da kakanni.

Akwai kare da wani abinci ba ya karɓarsa, wannan gaskiya ne. Sai ka ga yana susar kunne, yana lasar ƙafafu har su yi ja, wani lokaci da amai ko zawo. To wane abinci ne? A shekarar 2016 wasu likitocin dabbobi suka tattara labarin karnuka 297 da aka tabbatar suna da wannan larura. Naman sa ne ya dami 102 daga cikinsu. Madara da danginta sun dami 51. Naman kaza 45. Alkama 38. Masara 13 kawai, shinkafa kuwa 5. Kun gani? Alkama tana ciki, ba mu wanke ta ba. Amma nama da madara su ne kan gaba. Wanda ya sayi buhu marar hatsi, alhali da naman kaza aka yi shi, kuma kaza ce ke damun karensa, ya zubar da kuɗinsa a banza. Karen zai ci gaba da susa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. In an cire hatsi daga abinci, dole a sa wani abu a madadinsa, don ƙwayoyin su haɗu. Masu masana'anta sukan zuba waken Turawa iri-iri da dankali, da yawa. A watan Yuli na shekarar 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda ake kira FDA, ta ba da sanarwa. Ta ce tana samun rahoton karnuka masu wani ciwon zuciya. Zuciyar takan buɗe ta yi girma, ta yi rauni, ta kasa tura jini. Zuwa ƙarshen watan Afrilu na 2019 an kai mata labarin karnuka 560, kuma 119 daga ciki sun mutu. Da aka duba abincin da suke ci, fiye da kashi 90 cikin 100 marar hatsi ne. A ƙarshen 2022 hukumar ta ce rahotannin kaɗai ba su isa su tabbatar da cewa abincin ne ya jawo ciwon ba. Don haka mu ma ba za mu yanke hukunci ba. Amma mai hankali ba ya sayen shakka da tsada, alhali babu larura.

To me ya kamata mai kare ya yi?

Kafin a zargi abinci, a duba fata. A ƙasarmu mai zafi da ƙura, yawancin karnukan da ke susa ƙuma ce ke cin su, ko kaska, ko ƙazuwa. Zawo kuma sau da yawa tsutsar ciki ce. A kai kare wurin ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi ya duba shi. Wannan ba don kare kaɗai ba ne. Wata ƙazuwar kare takan kama mutum, kuma yaranmu ne ke wasa da shi. In an je, a yi masa allurar rigakafin hauka gaba ɗaya. Haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya da magani.

In an yi maganin waɗannan duka amma susa ba ta daina ba, sai a gwada abinci. Hanyar tana da sauƙin faɗa, tana da wuyar bi. A zaɓi nama iri ɗaya wanda karen bai saba ci ba, da abinci mai gari iri ɗaya. A dafa ba gishiri mai yawa, ba yaji. Kada a sa albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare. Shi kaɗai za a ba shi, da ruwa mai tsabta, har sati 8. A nan ne ake faɗuwa. Yaro zai jefa masa ƙashi, uwar gida za ta zuba masa ragowar miya, shi kansa zai zagaya bayan mahauta. In haka ta faru, gwaji ya ɓaci, sai a sake daga farko. In susa ta lafa, a mayar masa da tsohon abincinsa. In ta dawo cikin sati 2, to an kama mai laifi. Daga nan sai a riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya har a san wanda za a hana shi. Wannan abincin gwaji ne kawai, bai ƙunshi duk abin da jiki ke bukata ba, kada a ɗore a kansa ba da shawarar likita ba.

Wanda kuma yake da hali, ya ce lalle sai na buhu, to ga amfanin karatun da muka koya. Kada ya tsaya ga manyan baƙaƙen gaba, su na talla ne. Ya juya bayan buhu, inda aka jera kayan haɗi da ƙananan baƙaƙe. Abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa. Ya duba wane nama ne. In ya ga wake iri biyu ko uku a sahun farko, ya ajiye. Ya duba ranar da abincin zai lalace. In bai iya Faransanci ba, ya sa ɗan lakwal ya karanta masa. Sabon abinci kuma a hankali ake shigar da shi, ana gauraya shi da tsohon har sati guda. Karen da ke cin irin wannan abinci, in ya fara saurin gajiya, ko tari, ko numfashi da ƙyar, a gaggauta kai shi likita.

Hatsin da ya kamata mu ji tsoro shi ne wanda ya yi funfuna. Masara ko gyaɗa da ta sha danshi takan haifi dafi mai lalata hanta. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka fiye da 100 sun mutu a Amurka bayan sun ci abincin buhu da aka yi da irin wannan masara. Mu kuwa mun saba, in hatsi ya ɓaci a rumbu sai mu ce a ba kare ko kaji. Mu daina. A binne shi, a share rumbun, a shanya sabon amfanin gona ya bushe sarai kafin a zuba.