Ƙa'idar da ke kulle a durowa, talaka ke biyan kuɗinta

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwamitin majalisa ya san tambayar da ke kashe kyakkyawar shawara tun ba ta yi rarrafe ba: ina kuɗin? Da zarar an ce a wajabta wa hukumomin jiha su wallafa ƙa'idojinsu da jadawalin kuɗaɗensu a intanet, sai wani ya tuna da tsadar na'ura, da ma'aikata, da wutar lantarki. Tambayar halas ce. Abin da ke ɗaure kai shi ne ba a cika yin ta ba a ranar da ake kafa sabuwar hukuma mai shugaba da daraktoci da motoci.

A ɗauki misalin mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, ko matuƙin Keke Napep da ke jigila tsakanin Wunti da Yelwa. Dokar da majalisar jiha ta zartar ba ita ce ke tare shi a hanya ba. Abin da ke tare shi ƙa'ida ce da wata hukuma ta tsara bisa ikon da dokar ta ba ta: nawa ne kuɗin rajista, nawa ne tara, wace takarda ake nema kafin a ba da izinin gini. Majalisa kan yi doka mai 'yan shafuka, ta ƙare da sashen da ke cewa hukuma na iya yin ƙa'idoji domin aiwatarwa. Daga nan sai ƙa'idojin su hayayyafa a ofis, kuma su ne ainihin abin da ke shiga aljihun mutane.

Idan ƙa'idar nan ba ta inda kowa zai gani, ba wai an yi tsimin kuɗi ba ne. An dai sauya wanda zai biya. Jihar Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, kuma mutumin Gamawa ko Zaki da ke son sanin abin da ake bukata kafin ya sami takardar fili zai kashe kuɗin mota na tafiyar sa'o'i, ya yi asarar yini, wataƙila ya kwana, ya biya kuɗin kwafi, sannan ya haɗu da ɗan kamasho a bakin ƙofa wanda jarinsa kaf shi ne ya san abin da wancan bai sani ba. Wannan kuɗi ba ya bayyana a kasafin kowace shekara, shi ya sa ba a muhawara a kansa. Gwamnati ma tana asara, domin inda ba a san ainihin farashi ba, ba duk abin da aka karɓa ke isa baitulmali ba.

Ta fuskar shari'a ma maganar ba ta da wuya. Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a fayyace shi da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba, kuma ya haɗa har da ƙa'idojin da aka yi a ƙarƙashin doka. Ana yawan cewa jahiltar doka ba uzuri ba ne. To, amma rubutun da ke kulle a durowar darakta, da wane ido ake so a karanta shi?

Amurka ta koyi wannan darasi cikin kunya. A shari'ar Panama Refining da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 1935, an gano cewa sashen ƙa'idar man fetur da gwamnati ke neman aiwatarwa an riga an cire shi bisa kuskure, lauyoyin gwamnatin kansu ba su ankara da wuri ba. A shekarar aka yi dokar da ta kafa Federal Register, wanda ya fara fitowa a 1936. Nijeriya kuwa ba ta bukatar ta je nesa. A Disambar 2025 Honarabul Abdussamad Dasuki ya tashi a Majalisar Wakilai ya yi ƙorafin cewa dokokin haraji da aka buga a gazet sun sha bamban da abin da majalisa ta zartar. Idan manyan dokokin tarayya, da idon duniya ke kansu, za su iya jawo irin wannan gardama, sai a ƙiyasta halin ƙa'idar wata hukumar jiha da ba wanda ke bibiya.

Ba doka aka rasa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta wajabta wa hukumomi su riƙa fitar da bayanan ayyukansu tun ba a tambaya ba, har ta intanet, ta ba su kwana 7 su amsa bukata, ta kuma taƙaita abin da za a caji mai nema ga kuɗin kwafi. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta rufe wannan ƙofa. Ma'aikatan tarayya kuma suna tune da umarnin da Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, wanda ya ba ma'aikatu kwana 21 su lika sharuɗɗa da kuɗaɗen ayyukansu a bango da kuma shafukansu.

Abin lura shi ne lokacin da jihohi suka fi zage damtse. Da shirin SFTAS na Bankin Duniya ya zo a 2018 da dala miliyan 750, ya ɗaura tallafi a kan wallafa kasafin kuɗi, da rahoton odita, da kundin haraji a intanet, sai ga takardun da a da ake cewa sirri ne suna fitowa. Ashe ana iyawa. Sai dai aikin da aka yi don tukuici yakan yi sanyi idan tukuicin ya ƙare, kuma shafin gwamnati ba gini ba ne da za a yanke kyalle a tafi. Yana bukatar a biya kuɗin ajiyarsa kowace shekara, da ma'aikacin da aikinsa ke nan, da wanda zai cire tsohuwar ƙa'ida ranar da aka sauya ta. Tsohon jadawalin kuɗi da aka manta a shafi ya fi rashin shafin illa, don da shi za a yi wa mutum musu.

Saboda haka abin da ya kamaci Majalisar Dokokin Bauchi, da hadiman da ke tsara wa 'yan majalisa ƙuduri a Abuja, shi ne a amsa tambayar kuɗin a cikin ƙudurin kansa. Duk dokar da za ta ba hukuma ikon yin ƙa'ida ta zo da ƙiyasin abin da za ta ci, har da kuɗin wallafawa, a sa shi cikin kuɗaɗen gudanarwa na yau da kullum, ba cikin manyan ayyukan da ake ba 'yan kwangila sau ɗaya ba. Rumbu guda a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ya fi arha a kan kowace hukuma ta ba da kwangilar nata shafin. Sannan a rubuta ƙarara cewa tara ko kuɗin da ba a wallafa ba, ba a karɓarsa.

Akwai sauran kuɗi ɗaya da za a so a tsallake, na fassara. Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ya yarje wa majalisar jiha ta gudanar da ayyukanta da harshen mutanenta baya ga Turanci. Jadawalin tara na hukumar kula da zirga-zirga bai wuce 'yan shafuka ba, kuma Jami'ar Jiha ta Sa'adu Zungur da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare ba su rasa masanan da za su mayar da shi Hausa, a hoton da zai buɗu a ƙaramar wayar matuƙin da aka tsayar a shataletalen Wunti.