Gilashin Ile-Ife: shaidar da ake buƙatar karewa tun kafin ta ƙare

Shekaru da dama, duk dutsen ado na gilashi da aka tono a Afirka ta Yamma, hukuncin da ake yanke masa ɗaya ne: fatake ne suka kawo shi daga Masar ko Indiya ko Turai. Binciken da aka yi a Igbo Olokun, wani kurmi da ke Ile-Ife a jihar Osun, ya rushe wannan zato, kuma sinadaran da ke cikin gilashin ne suka ba da shaida.

Gilashi yana ɗauke da tambarin inda aka narka shi. Asalinsa yashi ne, amma yashi ba ya narkewa da sauƙi, sai an haɗa shi da wani abu da zai sassauta shi a wuta. Rumawa sun yi amfani da wata irin kanwa da ake haƙowa a Wadi Natrun na ƙasar Masar. Daga wajen ƙarni na 9, masu sana'ar a ƙasashen Musulmi suka koma ga tokar tsirrai, wadda ke barin sinadarin magnesiyam mai yawa. Na Indiya kuwa yawanci alumina ta yi masa yawa, sinadarin farar ƙasa ya yi kaɗan. Da zarar an auna ɗan ɓarɓashi a ɗakin gwaji, ana iya gane daga wane gida ya fito.

Na Ife bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ba. Yana da alumina da sinadarin farar ƙasa masu yawa a lokaci guda, haɗin da ya dace da duwatsun yankin. James Lankton da Akin Ige da Thilo Rehren sun ja hankali kan haka a 2006. Daga baya Abidemi Babatunde Babalola ya yi tono a Igbo Olokun, inda ya samu duwatsun ado sama da 12,000, da fasassun tukwanen narki waɗanda gilashi ya manne a cikinsu, da tarkacen aiki. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa tsakanin ƙarni na 11 da na 15 ana haɗa gilashi a wurin tun daga ɗanyen kaya, ba narka na wasu kawai ake yi ba. An kuma samu irin wannan gilashi a Gao da Essouk na ƙasar Mali. Wato kayan ado sun riƙa haurawa arewa zuwa bakin Sahara, ba gangarowa kaɗai suke yi ba.

Abin damuwa shi ne halin da wurin yake ciki. Tun kafin Bajamushe Leo Frobenius ya isa can a 1910, mutane na tona kurmin suna neman tsoffin duwatsun ado, kuma yau gine-ginen gari sun ci mafi yawansa. Dutsen da aka zaƙulo aka sayar a kasuwa ya rasa rabin labarinsa, domin ba wanda zai sake sanin a wane zurfi yake, ko kusa da wane gawayi da za a iya auna shekarunsa.

Wannan nauyi yana wuyan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da gwamnatin Osun: a killace abin da ya rage, a hana gini a kansa. Jami'o'i kuma su nemi na'urorin awo, don kada kowane ɓarɓashi sai an ɗauke shi zuwa Turai ko Amurka kafin a san abin da ke cikinsa. Akwai aikin da ke jira a kusa ma. Masaga na Bida, masu yin ƙarau da duwatsun wuya, har yanzu suna hura wutarsu, kuma dattawan da suka san tsohon haɗin gilashinsu ba ƙaruwa suke yi ba.